Jirgin da Na Haɗa wa Lawal

Ku da kuka taso kuna ganina zaune a ƙofar gida da carbi, da wuya ku yarda cewa akwai shekarar da na yi ta cur ina warin man gas da ruwan kogi. A shekarar ce baffanku Lawal ya bar Lafia, ana sauran 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Babu ɗayanku da ya san shi sai a bakin mutane, mutanen unguwarmu kuwa kun san ba sa auna magana kafin su sake ta. Don haka zan faɗa muku yadda abin ya faru a kan idona, tun ina da sauran numfashin faɗa.

Mu biyu kaɗai Inna, kakarku, ta raya cikin 'ya'yan da ta haifa: ni ɗan fari, Lawal auta. Babanmu maƙeri ne Bakano, ya biyo aikin layin dogo har Lafia, doya ta yi masa daɗi ya zauna. Da ya rasu ya bar mini maƙera, ni kuma da na ga manyan motoci sun fara yawa, masu kwasar riɗi da doya zuwa tashar jirgin ƙasa, sai na saki ƙirar fartanya na koma gyaran mota. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cin abinci ina wurin ba. In tana da magana da ni sai ta ce wa uwarku Hajara, "Gaya wa wancan." Ni ne wancan, da gemuna da komai. Na san al'ada ce ba ƙiyayya ba, amma sanin bai taɓa hana ni jin wani iri ba idan na shigo da yamma na tarar da Lawal kishingiɗe a tabarmarta, tana ɓare masa gyaɗa suna ta dariya, ina yin sallama dariyar ta ɗauke. Sai in wuce ɗakina in ci tuwona ni kaɗai.

Lawal ya shiga soja lokacin babban yaƙi, aka ƙetara da su teku. Shekarun da ya yi can, Inna ta yi su ne a bakin ƙofar ɗakinta tana kallon zaure, har ta koma kamar ba ita ba. Ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa lafiya, amma zama ya gagare shi. Ya taɓa noma ya bari, ya taɓa sayar da goro ya bari, na sa shi a garejina ya yi wata biyu yana jefa sifana a inda ba a ganinta. Ba malalaci ba ne, garin ne ya yi masa kaɗan. Abu ɗaya ne ya dawo da shi daga can wanda bai sake shi ba. Ya ce ya ga sojoji sun ɗaure famfon kashe gobara a kan wani jirgin katako, suka juya bakin tiyo baya, ƙarfin ruwan ya riƙa tura jirgin gaba. Kogin Mada kuwa, can bayan Doma, da rani ruwansa ja yake yi yashi ya fito, jirgi mai farfela in ya shiga sai ya bar farfelar a can. Da gora ake tura kwale-kwale, a kwana a hanya kafin a kai Binuwai.

"Yaya, jirgi ne ba farfela," in ji shi. "Ya sha ruwa ta ƙasa ya feso ta baya. Ko ruwan alwala ka zuba masa sai ya wuce."

Na ce, "To, in ya wuce ya je ina?"

Ya ce, "Inda ruwa ya je mana."

Dariya na yi a lokacin, ban ɗauki amsar a bakin komai ba.

Bayan kaka ya fara tara kaya. Ya samo wani tsohon famfo na ƙarfe da aka yasar, ya samo injin niƙa mai aiki da man gas, ya haɗa kai da wani ɗan ƙabilar Alago mai suna Agabi, dattijo mai babban kwale-kwale a bakin Mada. Suka huda cikin jirgin suka sa bututun shan ruwa, suka kafa inji, suka haɗa shi da famfo da bel irin na injin niƙa. Na je na gani sau ɗaya, don kada a ce ban je ba. Injin ya tashi, famfo ya juya, ruwa ya fito ta baya kamar ana tsiyaye tulu, jirgi yana nan inda yake. Matsalar a fili take ga duk wanda ya san inji. Injin niƙa mai ƙarfi ne amma a hankali yake juyi, shi kuwa famfo gudu yake so, in bai samu gudu ba zuba ruwa kawai yake yi, ba ya feshi. Lawal ya gane wannan, ya sa aka ƙera masa babban fuli, wato faifan ƙarfen da bel ke hawa, a jikin injin don bel ya ƙara wa famfo sauri. To, bel da ruwa ba sa shiri. Yana jiƙewa sai ya riƙa sulɓewa yana ƙugi. Ya shafa masa ƙaro, ya shafa masa kakin zuma, ya ɗaure shi tamau har ya tsinke. Ranar da na je, bel ɗin tashi ya yi sama ya faɗa kogi, mata masu wanki suka kwashe da dariya.

Agabi ya dube ni ya ce, "Maigida, wannan inji yana da kuka, ba shi da ƙafa. Ƙane naka ya huda mini jirgi, yanzu ni da kifi muna zama wuri ɗaya."

Na dawo Lafia ina ce wa raina abin zai mutu da kansa. Ban nemi maganinsa ba, shi ya zo ya same ni. Wata rana da hantsi ina wanke giyabos, wato akwatin giyar wata babbar mota da ta mutu aka bar mini, sai na kama shaf ɗin baya, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi ga ƙafafu, na murza shi da hannu don kananzir ya shiga tsakanin haƙora. Ina murzawa a hankali sai na ga shaf ɗin gaba yana gudu fiye da hannuna. Na tsaya. Aikin giyabos a mota shi ne ya karɓi gudun inji ya rage shi ya mayar da shi ƙarfi. In ka juya shi, ka shigar da juyi ta baya, sai ya karɓi ƙarfi ya mayar da shi gudu. Haƙori kuma ba bel ba ne, ruwa ba ya sa shi sulɓewa. Na daɗe a tsugune ina murza ƙarfen nan ina sauya giya, ina murmushi ni kaɗai kamar wanda ya zare.

Da la'asar na kasa riƙewa na gaya wa uwarku a tsakar gida. Na manta cewa zana ce kawai tsakaninmu da wurin da Inna ke kaɗi. Washegari da na dawo daga sallar asuba na tarar da ita tsaye a zaure, ta lulluɓe, ta juya fuskarta ga bango. Na ɗauka Hajara take jira. Zan wuce sai ta yi magana, ba ta ce a gaya wa wancan ba, ni ta gaya wa.

"Abin da ka gano jiya, ka bar shi a cikinka."

Na durƙusa na ce, "Inna, wahala yake sha."

"Ya sha. Zai gaji ya dawo ya zauna. Sau ɗaya aka ɗauke mini shi na ga yadda take. In abin nan ya tashi, ba zan ƙara sa shi a ido ba." Sannan ta ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba."

Zan faɗa muku abin da na ji, ko da za ku yi mini dariya. Daɗi na ji. Ina da mata, ina da furfura guda-guda, amma ranar ce uwata ta fara neman wani abu a wurina baki da baki, na ji kamar an ba ni sarauta. Na ce to. Na je gareji na tura giyabos ɗin lungu na rufe shi da buhuna. Daga ranar abubuwa suka ɗan sauya a gida. Sunana dai ba ta kira ba, amma sai in tarar da ɗan kwano a ɗakina an rufe da faifai, dambu ne ko ɗan wake, Hajara ta ce, "Inna ta ce a ajiye maka." In na yi sallama ba ta tashi ta shige ɗaki. Wata rana har ta tambayi uwarku, a gabana, ko ciwon bayan nan nawa ya yi sauƙi. Na ci dambun nan da zuciya ɗaya, ba zan ɓoye muku ba.

Lawal kuwa ya gaji, kamar yadda ta ce. Da ruwan sama ya sauka ya jawo injin kan tudu ya rufe, ya dawo gida ya zauna. Amma ba irin zaman da take so ba ne. Ya daina tsokanar Hajara, ya daina zuwa dandali, ya daina aski. Sai ya wuni a zaure yana kallon ruwan indararo. Inna ta ɓare gyaɗa ta tura masa, ya ce ya ƙoshi. Duk daminar nan yana cikin gida amma ba a jin muryarsa, ni kuma ina wuce shi safe da yamma da maganin ciwonsa a bakina. Babu wanda zan yi shawara da shi. Abokaina na gareji za su ce bi maganar uwarka, su wuce. Uwarku sau ɗaya ta taɓa maganar, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba.

"Malam, yaron nan ƙarewa yake yi."

Na ce na gani. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ruwa na gab da ɗaukewa ya zo gareji, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya duba wurin zama bai samu ba, ya je lungu ya zauna a kan tarin buhunan nan. Ina ƙarƙashin mota na fito ina goge hannu.

"Yaya, kai ka san ƙarfe, ni ban sani ba. In ka ce mini abin nan ba zai yiwu ba, na haƙura, ba zan ƙara tada maganar ba. Gaskiya kawai nake so, don na fara zaton kaina ne ba daidai ba. Wataƙila ma ban ga abin da na ce na gani ba."

Da tambayata ya yi ko na san dabara, da na iya cewa ina tunani. Da shiru ya ci gaba da yi, da na iya ci gaba da nawa. Amma ya zo ne in tabbatar masa cewa hankalinsa ya taɓu, kuma na ga a idonsa duk abin da na faɗa zai ɗauka. Na yi wa Inna alkawarin yin shiru, ban yi mata alkawarin haukata mata ɗa ba. Na san abin da zan rasa, na san shi sarai, har ɗanɗanon dambun na ji a bakina.

Na ce, "Tashi daga kan abin da kake zaune."

Da ruwan Mada ya fara ja muka ɗora giyabos a motar riɗi zuwa Doma, daga can aka kai mana shi bakin kogi a kan jakuna. Aikin ya ci kwanaki. Sai da muka sassaƙa gado na katakon maɗaci don inji da giyabos da famfo su zauna a layi ɗaya, saboda in shaf ya karkace ko kaɗan sai ya ci kansa. Na juya akwatin, bayansa ga inji, gabansa ga famfo, na cika shi da mai. Masu kamun kifi suna wucewa suna tambayar Agabi ko motar ce za ta koyi iyo. Ranar gwaji muka loda doya don mu ga gaskiyarsa, muka shiga mu uku. Lawal da zumuɗi ya ce a sa giya ta ɗaya, tunda a juye ita ce mafi gudu. Na bar shi ya sa. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu, don an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. A ta biyu ya tashi da ƙyar, famfo ya riƙa ihu yana zuƙar iska tare da ruwa, kumfa kawai ke fita ta baya. Na ce masa famfo ma yana da iyakar abin da maƙogwaronsa zai haɗiya. Na kashe, na sa ta uku da hannuna, na sake tayarwa.

Sautin ne ya fara gaya mini. Injin ya daidaita, akwatin ya ɗauki wani siririn kuka mai daɗi, ruwa ya fita ta baya a dunƙule, fari, mai kaurin cinya. Jirgin ya zabura har Agabi ya zauna daɓas a kan doya. Na ce wa Lawal ya juya kan jirgin sama, ya fuskanci ruwa, don gangara ko kara ma yana yi. Muka hau. Muka bi ta kan wani tudun yashi inda ruwa bai kai gwiwa ba, ina jin cikin jirgin yana shafar rairayi, muka wuce. Lawal yana riƙe da sandar juya bututu yana dariya, hawaye na zuba, bakinsa na motsi amma ƙarar ta hana ni ji. A duk aikin da na yi da hannuna a duniya babu wanda ya faranta mini rai kamar wannan, kuma babu wanda na iya ba labarinsa a gida.

Da muka sauka Agabi ya jawo ni gefe.

"Maigida, uwa naka ya sani?"

Na ce za ta sani.

Ba sai na gaya mata ba. Lawal ya shiga gida da gudu kamar yaro, ya faɗa tabarmarta, ya cinye abin da ke kwanonta, yana ba ta labari da hannu da ƙafa. Ta yi dariya tare da shi, don ta daɗe ba ta ga haƙoransa ba. Ta saman kansa ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Bayan 'yan makonni ya ɗaure kayansa, ya ce mata zai kai riɗi Binuwai ya dawo da kifi da gishiri kafin ruwa ya sauka. Ta sa masa albarka. Ni na raka shi bakin Mada, na tsaya a kan yashi har jirgin ya sha kwana, na ci gaba da tsayuwa ina sauraron kukan akwatin har ya ɓace. Na kwana a Doma, na biyo motar safe ni kaɗai.

Kwano bai ƙara zuwa ɗakina ba. Ko "wancan" ɗin ma na daina samu. In akwai saƙo sai ta ce wa Hajara, "A ce buhun dawa ya ƙare," kamar da iska take magana. Ta koma bakin ƙofarta tana kallon zaure. Ruwa ya sauka ya ɗauke, ya sake sauka. Nan ne aka fara haihuwarku, gida ya cika da kuka da guje-guje, ni kuwa ban taɓa zama ni kaɗai kamar a shekarun nan ba. Agabi ya bi Lawal da farko, daga baya tsufa ya dawo da shi. Ya zo Lafia takanas ya same ni a gareji. Ya ce Lawal yana nan lafiya, ya yi ƙiba, yana jigila tsakanin Makurɗi da Ibi har gaba, jirgi kuma ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Ya ce in sun gangara ƙasa da Makurɗi sun sha wucewa ta bakin Mada, inda ya haɗu da Binuwai.

"Na ce masa, Lawal, ga hanya na gida. Ya kau da kai. Ya ce, Baba Agabi, in na shiga gidan nan ba zan iya sake fitowa ba."

Na ba Agabi goro na sallame shi. Abin da na kai cikin gida shi ne Lawal yana lafiya yana gaisuwa. Sauran na riƙe, ko uwarku ban gaya wa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Inna, wata rana bayan azahar Hajara ta zo ta ce ana kirana. Na shiga na tarar da matan maƙwabta zazzaune a gefen gado. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai, sai da na matsa.

"Jirgin nan da ka haɗa. Yana iya hawowa ruwa ya dawo, ko gangara kawai yake yi?"

Idonta na kaina, abin da ba ta saba ba. Na gane abin da take tambaya. In na ce yana hawowa, na gaya mata cewa autanta yana da hanya duk shekarun nan ya ƙi zuwa. Ita kuma saura mata kwanaki.

Na ce, "Gangara kawai yake yi, Inna. Giyar da na sa masa ba ta da ƙarfin hawa. Ban haɗa shi daidai ba."

Ta lumshe ido ta sauke numfashi.

"Na sani," in ji ta. "Da yana da hanya da ya zo."

Ta juya ga bango, ba ta ƙara ce mini komai ba har ta cika. Ta tafi ranta fari game da Lawal. Matan da ke ɗakin kuwa sun ji da kunnensu, kafin a yi sadakar uku gari ya ɗauka cewa na haɗa wa ƙanena jirgin da ba ya dawowa don gida da gareji su zama nawa. Na san kun ji wannan, na ga yadda wasunku ke kallona in an ambaci sunansa. Ban ƙaryata ba a lokacin, don ban so a zauna a zauruka ana tsinke yaron da ta mutu tana ba shi uzuri. Yanzu masu zaman zaurukan duk sun tafi, saura ni. Jirgin yana hawa ruwa, 'ya'yana, da lodinsa ma. Lawal ne bai juyo ba. Ban taɓa iya ganin laifinsa ba, kewarsa kawai nake yi.